Muryar mutum dukiyarsa ce: a koya wa yara tun da wuri

A ƙasar Hausa koyi ba laifi ba ne. Yaron makaɗi yakan share shekaru yana amshi bayan ubangidansa, kuma ran da ya kama nasa kiɗa, sai ya fara da ambaton wanda ya koya masa. Haka ɗiyar masaƙiyar tabarma a Madawa take ɗaukar zane daga hannun uwarta. Kowa ya san tushen abin da yake yi, kuma yana faɗinsa.

Yau ga wani baƙon al'amari ya shigo ta cikin salula. Akwai na'ura mai ƙirƙirarriyar basira wadda ake ɗura wa waƙoƙi da zane-zanen mutane masu ɗimbin yawa, ta nazarce su, sa'an nan ta fito da sabon abu mai kama da nasu cikin ɗan lokaci. A shekarar 2023 an baza wata waƙa a intanet da muryoyin Drake da The Weeknd, mawaƙan ƙasar Kanada, alhali ba su rera ta ba. Sai da aka kai kuka kafin a janye ta.

Kada a ce wannan zancen birni ne. Salular da take hannun saurayi a Yamai ita ce take kai wa ɗan lakwal a Babankatami, cikin gundumar Buza. In yaro ya ɗauki muryar makaɗin garinsu ya sa mata zambo a kan wani basarake, wa zai sha kunya, wa za a tuhuma? In ana samun waƙarsa a banza daga na'ura, da me zai ciyar da iyalinsa? Jihar Tawa, wadda ta haifi Ɗan Gurmu, har gasar kiɗa ta ƙasa take ɗauke da sunansa, ta san darajar murya.

Doka tana nan. Tun shekarar 2010 Nijar ta sake tsara dokar kare haƙƙin masu fasaha, har da al'adun gargajiya, kuma akwai ma'aikatar BNDA mai kula da wannan haƙƙi. Ƙasashen UNESCO ma sun amince da ƙa'idojin amfani da wannan basira a 2021. Amma doka ba ta shiga kowane zaure. Tarbiyya ce take shiga.

Saboda haka wajibi ne malaman lakwal, da na makarantun allo, da na yaƙi da jahilci, su koya wa yara abubuwa uku. Na farko, a nemi izinin mai abu kafin a taɓa muryarsa ko zanensa. Na biyu, a faɗi gaskiya cewa na'ura ce ta yi. Na uku, kada a sa wa mutum maganar da bai faɗa ba, ko yana raye ko ya rasu.

Hana yara na'ura ba zai yiwu ba, kuma ba shi ne magani ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Magabata da uwaye su tashi tsaye, domin yaron da ya saba ambaton ubangidansa ba zai zama ɓarawon murya ba.