Takardar Tambayoyi ta Sirri: Hanyar Jin Kukan Ma'aikatan da Kunya ta Rufe wa Baki

Idan aka tambayi shugaban wata ma'aikata a ƙasar Hausa ko ana matsa wa mata da neman lalata a ƙarƙashinsa, amsarsa ba ta wuce cewa ba a taɓa kawo masa ƙara ba. Sau da yawa gaskiya ya faɗa. Kuskuren yana wajen ɗaukar rashin ƙara a matsayin rashin laifi. A garuruwa irin su Tambuwal da Kebbe da Dogon Daji da Sanyinna, inda kowa ya san gidan kowa, malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya da aka matsa wa tana da dalilai masu ƙarfi na yin shiru. Wanda za ta kai wa ƙarar shi ne mai sa hannu a takardar hutunta da ta ƙarin girmanta, kuma shi ke da ikon a mayar da ita ƙauye mai nisa. Idan maganar ta isa gida, maganin farko da miji ko uba zai kawo shi ne ta ajiye aikin. Ga kuma bakin gari, wanda ba ya rasa cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Ba doka aka rasa ba. Gyaran da aka yi wa tsarin mulki a 2010 ya bai wa Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ikon sauraren irin wannan ƙara, kuma a 2013 kotun ta ba wata ma'aikaciya gaskiya a kan reshen kamfanin Microsoft na Nijeriya, bayan an sallame ta saboda ta ƙi amincewa da buƙatar shugabanta. A 2015 aka kafa Dokar Haramta Cin Zarafin Mutane ta tarayya, sannan a 2021 Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, wanda ya wakilci mazaɓar Kebbe da Tambuwal a Majalisar Wakilai daga 2003 zuwa 2015, ya sa hannu a irinta ta Jihar Sakkwato. A 2022 Nijeriya ta amince da Yarjejeniya ta 190 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya game da cin zarafi a wurin aiki. Sai dai kowace daga cikinsu tana jiran wadda aka cuta ta tsaya ta faɗi sunanta. Hukuncin ɗaurin shekara 2 da aka yanke wa Farfesa Richard Akindele na Jami'ar Obafemi Awolowo a 2018 ya samu ne domin ɗalibar ta naɗi muryarsa ta waya, ta kuma jure wa duk abin da ya biyo baya. Ba kowa ke da wannan zuciya ba, kuma zalunci ne a ce sai mai irinta za a kare.

A nan ne amfanin takardar tambayoyi ta sirri yake. Takarda ce da ake raba wa dukkan ma'aikata, maza da mata, a lokaci ɗaya, kowa ya cika ba tare da rubuta suna ba. Da yake kowa ne ke cikawa, ba a iya nuna wance a ce ita ta yi magana. Rahoton da hukumar daidaita damar aiki ta Amurka ta fitar a 2016 ya nuna cewa kimanin mutum 3 cikin 4 da aka ci wa zarafi ba su taɓa gaya wa wani shugaba ba, shi ya sa ta shawarci ma'aikatu da su riƙa yin irin wannan bincike.

Muhimmin darasin rahoton ga ɗalibin harshe ya shafi yadda ake tsara tambaya. Da aka tambayi mata kai tsaye ko an taɓa cin zarafinsu ta fuskar lalata, kimanin kashi 25 cikin 100 ne suka amsa. Da aka bar babbar kalmar, aka riƙa ambaton ayyukan ɗaya bayan ɗaya, sai adadin ya kai kashi 40, ya kuma kusa 60 idan aka haɗa da maganganun batsa da na wulaƙanta mace. Wannan ya fi tsanani a Hausa. Kalmomi irin su lalata da fyaɗe suna da nauyi a baki, har mace takan ji kamar ta shafa wa kanta baƙin jini idan ta amsa su. Bugu da ƙari, al'adar wasa tsakanin taubasai da abokan wasa takan zama mafaka ga mai mugun nufi, ya yi abinsa ya ce wasa ne. Saboda haka tambayar da za ta yi aiki ita ce mai ambaton abin da ya faru: A cikin shekarar nan, akwai wanda ya riƙa kiranki da dare kan abin da bai shafi aiki ba, bayan kin nuna ba kya so? Akwai wanda ya ce ki same shi a wani wuri kafin ya sa hannu a takardarki? Akwai wanda ya taɓa jikinki da sunan wasa? Kin taɓa ganin an yi wa wata haka? Tambaya ta ƙarshe tana da daraja ta musamman, domin wadda ba za ta iya cewa ni ba takan iya cewa wata.

Haka kuma dole a lura da ƙanƙantar wurin. A makarantar firamare mai malamai mata 2, ko ɗakin shan magani mai ungozoma 1, rashin suna ba ya ɓoye kowa. Don haka kada a nemi rubutun hannu, a bar mutum ya yi alama kawai a gaban e ko a'a. Kada a tambayi shekaru ko matakin albashi. Kada a bayyana sakamakon makaranta guda, sai dai a haɗa na gunduma ko na ƙaramar hukuma gaba ɗaya. A rubuta takardar da Hausar boko da ajami, a kuma sa masu shara da 'yan aikin wucin gadi da ɗalibai masu gwajin koyarwa a ciki, domin su ne suka fi rauni. Akwatin kuwa kada ya kwana a ofishin shugaba. Ya kamata wasu daga waje su karɓe shi, kamar jami'an Ma'aikatar Harkokin Mata tare da wakilan ƙungiyar malamai ko ta ma'aikatan lafiya.

Akwai masu cewa wannan hanya za ta buɗe ƙofar ƙazafi, mai ƙullin zuci ya ɓata sunan bawan Allah daga ɓoye. Tsoron yana da tushe, domin mutunci abu ne da addini da al'ada suka tsananta wajen karewa. Amsar ita ce takardar ba kotu ba ce. Ba ta neman sunan wanda ake zargi, kuma ba a hukunta kowa da ita. Aikinta kamar na ma'aunin zafin jiki ne, ya nuna akwai zazzaɓi, sauran aiki na likita ne. Wanda za a tuhuma sai an bi hanyar bincike da shaida, an kuma ji ta bakinsa.

Babban haɗarin ma yana wani wuri dabam, wato a tattara takardu a jibge su a kabad. Idan ma'aikata suka faɗi abin da ke damunsu, shekara ta zagayo ba su ga canji ba, ba za su sake faɗa ba. Wajibi ne a karanta musu sakamakon, a faɗi matakin da aka ɗauka. Idan matsalar tana wajen sa hannu a takardun hutu da sauyin wurin aiki, a raba ikon tsakanin mutum 2 ko 3. A naɗa mace mai mutunci wadda ba ta ƙarƙashin shugaban wurin domin karɓar koke. A rubuta a ƙasan takardar inda ake samun taimako, kamar Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato. Sannan a maimaita binciken duk shekara don a ga ko an ci gaba.

Yankin kudancin Sakkwato yana matuƙar buƙatar malamai mata da ungozomomi, domin iyaye da yawa ba sa sakin jiki da makarantar da babu malama, mata kuma ba sa son zuwa asibitin da babu mace. Duk ma'aikaciyar da ta ajiye aiki a shiru, an yi asarar ajin 'yan mata ko ɗakin haihuwa tare da ita. Kuɗin buga takarda da sayen akwati mai kwaɗo bai taka kara ya karya ba. Sakataren ilimi ko shugaban sashen lafiya da ya ƙi yin tambayar, bai kamata ya ci gaba da kafa hujja da cewa ba a gaya masa ba.