Dawa Mai Gina Jiki: Mene Ne Kuma Ya Sauya a Cikin Ƙwayar?

Babu mai buƙatar ya karanta wa malamin firamare lacca a kan yunwa. Mu ne muke ganin yaron da ke gyangyaɗi tun kafin tashi tara, da yarinyar da tafin hannunta ya yi fari fat don ƙarancin jini. Daga Kazaure zuwa Roni, daga Gwiwa zuwa Babura, tuwon dawa da furar gero su ne abincin yawancin ɗalibanmu, kuma a gidaje da dama sai wata ya shuɗe ba a ga nama ko ƙwai ba. Saboda haka duk wanda ya zo mana da albishirin cewa za a iya zuba bitamin A da sinadarin ƙarfe a cikin ƙwayar dawa ita kanta, ya cancanci mu saurare shi da kyakkyawan zato.

Wannan albishir kuwa ba tatsuniya ba ce. A shekarar 2005 aka fara wani babban shiri na inganta dawar Afirka ta hanyar sauya ƙwayoyin halittarta, da kuɗin gidauniyar Bill da Melinda Gates da fasahar kamfanin Pioneer na Amurka. Daga baya aka gwada shuka ta a killataccen fili a Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya. Burin shi ne a samu dawa mai bitamin A, mai furotin da ciki ke iya narkarwa cikin sauƙi, wadda jiki zai fi cin moriyar ƙarfen da ke cikinta. Har yau ba a saki wannan iri ga manoma ba, don haka yanzu ne lokacin magana, tun ba a kai ga rabon iri ba.

Abin da ya tsaya mana a rai shi ne, ƙwayar hatsi ba kwando ba ce da za a saka abu guda a ciki sauran kaya su zauna yadda suke. Furotin ɗin da ke sa dawa wuyar narkewa, shi ne kuma yake ɗaure garin da ke cikinta har ƙwayar ta yi tauri. Da masana suka rage shi, narkewar ta gyaru, amma ƙwayar ta kan fito da laushi, cikinta duk gari. A ɗakin gwaji wannan ƙaramin bayani ne da ake rubutawa a gefen rahoto. A tsakar gida kuwa shi ne kan magana. Dawa mai laushi tana farfashewa a turmi lokacin surfe, tsaki ya bi dusa. Ƙwari sun fi saurin huda ta a rumbu. Magidancin da ke fatan damman da ya ɗaure a kaka su kai shi watan Agusta, idan ƙwari suka cinye rabi tun bazara, ina amfanin bitamin ɗin da ke cikin ragowar? Shi kansa bitamin ɗin an tarar yana lalacewa cikin 'yan makonni a ajiya, har sai da masu binciken suka ƙara wata ƙwayar halitta mai samar da bitamin E domin ya daɗe. Gyara ya haifi gyara.

Wannan ba sabon darasi ba ne, kuma ba fasahar zamani ce kaɗai take jawo shi ba. A 1964 masana a Jami'ar Purdue ta Amurka sun gano wata masara mai yawan laisin, sinadarin da jikin yaro ke buƙata don girma. Aka yi murna, sannan aka tarar ƙwayarta tana da laushi kamar alli, ba ta da yabanya, ƙwari kuma sun same ta gaba ta kai su. Manoma suka ƙi ta. Sai da Surinder Vasal da Evangelina Villegas suka shafe shekaru masu yawa a Meziko suna aure tsakanin iri da iri kafin taurin ya dawo ba tare da an rasa laisin ɗin ba. Daga zuriyar wannan aiki ne Gana ta fitar da masarar Obatanpa a 1992, wadda daga baya ta iso gonakin Nijeriya. Matsalar ta warwaru, amma da haƙuri aka warware ta.

Wani lokaci kuma wurin da sabuwar ƙwayar halitta ta sauka ne yake kawo cikas. A Indiya, da aka shigar da wani nau'i na shinkafar nan mai bitamin A cikin irin Swarna da manoma ke so, sai shukar ta fito gajeriya, ganyenta a koɗe, amfaninta ya ragu ƙwarai. Rahoton da aka wallafa a 2017 ya nuna cewa baƙuwar ta faɗa ne a tsakiyar wata ƙwayar halitta mai kula da girman shukar, ta lalata aikinta. Haka kuma a 1996 aka tabbatar cewa waken suyar da aka saka wa furotin na wata gyaɗar itace ta Barazil ya ɗauko har da abin da ke tayar wa wasu mutane borin jini. Aka dakatar da shi, bai taɓa shiga kasuwa ba.

Adalci ya sa mu faɗa cewa a duk waɗannan, bincike ne ya kama kuskuren, kuma masu binciken da kansu suka bayyana shi. Don haka ba ma tare da masu yaɗa cewa duk irin da aka taɓa ƙwayar halittarsa guba ne ko makircin hana haihuwa. Mun ga abin da irin wannan jita-jita ta jawo wa arewa a kan rigakafin shan inna a 2003, kuma wasu daga cikin yaran da abin ya shafa sun zauna a azuzuwanmu. Sai dai ba ma tare da masu cewa tunda Abuja ta sa hannu magana ta ƙare. Hukumar kula da lafiyar irin waɗannan kayayyaki, wadda aka kafa a 2015, tana duba ko abu zai cutar da mutum ko muhalli. Ko tuwon zai tuƙu, ko zai kwana a yi ɗumame, ko karan zai yi danga ya kuma ciyar da shanu, waɗannan tambayoyinmu ne, kuma babu mai yi mana su. Ga kuma al'adarmu ta zaɓen zangarniya mai kyau a ajiye iri. Dawa tana ɗan yin barbara da maƙwabciyarta ta hanyar iska, don haka abin da aka shuka a gonar wani yana iya leƙawa cikin ƙaura da farfarar da muka gada. Ita ƙaura, a tuna, rawayar cikinta daga Allah take, kuma masu binciken duniya sun daɗe suna neman ta saboda wannan.

Tsarin ciyar da ɗalibai a makarantu shi ne ƙofar da irin wannan hatsi zai fi saurin shigowa, domin can ne ake sayen abinci da yawa a lokaci guda, kuma 'ya'yanmu ne masu ci. Shi ya sa muke ba reshe shawara ya rubuta wa hukumar JARDA da Cibiyar Bincike ta Jigawa da ke nan Kazaure, ya nemi abu uku a rubuce: duk sabon irin da za a kawo yankinmu da sunan gina jiki a faɗa mana da Hausa ta wace hanya aka samar da shi, a shuka shi kusa da namu na gida a gonakin makarantu ƙarƙashin kulawar malaman aikin gona, sannan a zuba shi a rumbu daga kaka zuwa damina, a buɗe a gaban iyaye, a ba mata su surfa su tuƙa kafin a rubuta rahoto.