An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Kan Gardamar Fallout

'Yan'uwa ɗalibai, da ku ma'aikata sababbin shiga ofis, akwai wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa a ɗakunan kwananmu, har takan hana waɗansu barci a daren jarrabawa. Gardamar kuwa kan wasan kwamfuta ce, wanda ake kira Fallout. Wani zai ce ai wannan shirme ne na yara. Mu kuwa mun kasa kunne, mun ji irin hujjojin da ake kafawa, muka ga lalle akwai abin tsoro a ciki, domin yadda mutum ke yanke hukunci a wasa, haka zai yanke shi ranar da aka damƙa masa alƙalami da hatimi.

Ga wanda bai sani ba, wasan ya fara fitowa a 1997 daga kamfanin Interplay na Amurka, a ƙarƙashin jagorancin Tim Cain. Labarin ƙage ne: man fetur ya yi ƙaranci a duniya, ƙasashe suka far wa juna tun daga 2052, Sin ta mamaye Alaska a 2066, Amurka ta haɗiye Kanada, kana ran 23 ga Oktoba, 2077, aka yi ruwan makaman ƙare-dangi na kamar awa biyu, duniya ta zama kufai. Waɗansu suka tsira cikin gidajen ƙarƙashin ƙasa da kamfanin Vault-Tec ya gina. Daga nan mai wasa ke fitowa ya tarar da abin da ya rage.

Masu gardamar nan ƙungiya biyu ne, kuma a ganinmu dukansu sun kauce hanya.

Ƙungiya ta farko su ne masu nacin sai an gaya musu wanda ya fara harbi. Shekara da shekaru manyan wasannin ba su yanke wannan magana ba. A 2023 Tim Cain ya ce a nasa tunanin Sin ce ta fara, sai wani ɓangare ya yi ta murna. A 2024 kamfanin Amazon ya fito da wasan talabijin na Fallout, aka nuna manyan Vault-Tec suna shawarar su jefa bam ɗin da kansu don kasuwarsu ta ci, sai ɗaya ɓangaren ya ce gaskiya ta yi halinta. To, mu tambayarmu ita ce, in an faɗi sunan, me ya canja? Shekara 25 aka yi ana tara makamai, ana ƙwace rijiyoyin mai, ana harbin masu zanga-zanga, jama'a na kallo. Duk wanda ya tsaya neman yatsan da ya danna maɓalli ya bar jaki yana dukan taiki. Da zarar an ɗora laifin kan mutum guda, sauran duk sun kuɓuta ke nan: janar-janar, da 'yan majalisa, da injiniyoyi, da akawun da ya sa hannu a takardar kwangila.

Tarihin gaskiya ma ya ishe mu misali. Ran 26 ga Satumba, 1983, na'urorin Tarayyar Sobiyet suka nuna wai Amurka ta harbo makamai masu linzami. Hafsan da ke bakin aiki, Stanislav Petrov, ya yanke cewa na'ura ce ta yi kuskure, kuma haka abin yake. Da ya gaskata na'urar, aka mai da martani, wa za mu ce ya fara? Shirun da marubutan farko suka yi kan wannan tambaya shi ne darasin, masu neman a cike gurbin kuwa so suke a share darasin.

Kada a ce muna kare kowane irin shiru. Shiru iri biyu ne, akwai na hikima, akwai na lalaci. A Fallout 4, na 2015, akwai cibiyar masana da ake kira Institute, wadda ke ƙarƙashin ƙasa a yankin Boston, tana sace mutane tana musanya su da mutum-mutumin da ba a bambanta shi da ɗan Adam. Shugabanta kuwa ɗan mai wasa ne na cikinsa, wanda aka sace yana jariri. Amma ko da ka zauna da shi, ba za ka sami gamsasshen bayanin inda aka dosa da wannan aika-aika ba. A nan masu ƙorafi suna da gaskiya, muna kuma tare da su, gama mugun da ba shi da dalili bai koya wa kowa kome ba.

Ƙungiya ta biyu ta fi haɗari, watau masu wanke miyagu. Gwarzonsu shi ne Kaisar na Fallout: New Vegas, wanda kamfanin Obsidian ya fitar a 2010. Sunansa na yanka Edward Sallow, ɗan boko ne da aka tura nazarin harsunan ƙabilu, ya karanta tarihin Romawa, ya ci ƙabilu 86 da yaƙi ya narkar da su runduna guda, sa'an nan ya nufi madatsar ruwa ta Hoover don ya kara da Jamhuriyar Kalifoniya. In ka je zangonsa zai zaunar da kai ya yi maka lacca kan falsafar Hegel. 'Yan'uwanmu da yawa sun ji laccar nan sun ruɗe. Sai ka ji suna cewa, ai jamhuriyar ta ruɓe da cin hanci da haraji, alhali a ƙasar Kaisar fatake na tafiya ba mai tare su.

Ba mu musa cewa wasan ya faɗi haka ba, fataken da kansu sun shaida. Amma a tambayi wanda ya biya kuɗin wannan zaman lafiya. Mata bayi ne a rundunar. Ana gicciye mutane a bakin hanya. A garin Nipton ƙuri'a aka jefa don a raba wanda zai rayu da wanda zai mutu. Babban hafsansa, Joshua Graham, da ya sha kashi a yaƙin 2277, wuta aka cinna masa aka jefa shi cikin kwazazzabo. Har ila yau, Kaisar ya hana mayaƙansa magungunan zamani, ga shi kuwa ya ajiye na'urar tiyata a tantinsa saboda ƙarin da ke cikin ƙwaƙwalwarsa. Mulkin da ya rataya a wuyan mutum guda mai ciwo, ina makomarsa in ya faɗi? Abin da muka lura shi ne, duk mai yabon Kaisar yakan ɗauki kansa farke ne mai wucewa da kaya, ba a taɓa samun wanda ya ɗauki kansa bawan da ke ɗauke da kayan ba.

Tun a wasan farko aka ba da amsar wannan. Mugun ciki, wanda ake kira Master, shi ma da kyakkyawar niyya ya zo: zai tsoma mutane cikin wata ƙwayar cuta da aka ƙirƙira don soja, su rikiɗe su zama ƙarti iri ɗaya, don in babu bambanci babu yaƙi. Mai wasa na iya cin galabarsa ba tare da harsashi ba, ya kawo masa rahoton bincike da ke nuna ƙartin nan ba sa haihuwa. Da ya gane haka sai ya tarwatsa kansa da fadarsa. Masu iya magana sun ce ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya. Fahimtar dalilin mugu wajibi ne ga mai ilimi, amma daga fahimta zuwa mubaya'a akwai tafiya mai nisa, 'yan'uwanmu kuwa suna yin ta cikin dare guda.

Za mu rufe da gida na 11, cikin New Vegas. An gaya wa mazaunansa cewa tilas kowace shekara su ba da mutum guda a kashe, in ba haka ba na'ura ta hallaka su duka. Suka bi, har suka mai da abin zaɓe, da ƙungiyoyi da takardun yaƙin neman ƙuri'a. Sai da suka rage su biyar kana suka ce sun ƙi. Nan take na'urar ta taya su murna ta buɗe ƙofa, ashe jarrabawa ce, cin ta kuwa shi ne a ƙi tun ranar farko. Huɗu daga cikinsu ba su fita da rai ba.

A gidan nan babu Kaisar, babu Master, mutane ne irinmu masu bin umurni. Gobe waɗansunmu za su zauna a ofis, a kawo musu fayil a ce daga sama ne, a sa hannu. Muna kira ga 'yan'uwa, in an taru gardama daren yau, a ajiye zancen wanda ya fara harbi, a ɗauko wannan: da mu ne a gida na 11, a shekara ta nawa za mu ƙi?