Ra'ayinmu: Maganin Mata A Jikin Samari

 

Ba mu ƙin motsa jiki, domin ƙarfin mumini abin so ne a Shari'a. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne fitinar da ta afka wa wasu samari masu ɗaga ƙarfe: allurar sitiroyid don kumbura damtse, da magungunan da ake bin bayanta da su.

Idan mutum ya yi makonni yana ɗura wa jikinsa sinadarin mazantaka daga waje, sai ƙwaƙwalwa ta daina umartar 'ya'yan maraina su samar da nasu, su ƙanƙance, ƙwayoyin haihuwa su ragu. Da ya daina allurar sai kasala da ƙuncin rai da mutuwar sha'awa su rufe shi. A nan ne aboki, wanda bai taɓa zama ajin likitanci ba, zai rubuta masa abin da suke kira gyara.

To, mene ne gyaran? Clomid, wanda Amurka ta amince da shi a 1967 don matan da suka kasa samun ciki, yana iya kawo dishi-dishin gani da walƙiya a ido, wani lokaci har bayan an daina sha. Nolvadex maganin sankarar mama ne, kuma yana iya daskarar da jini a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu. Allurar hCG kuwa, wadda ake tace wani nau'inta daga fitsarin mata masu juna biyu, tana iya ƙara kumburin nonon da saurayin yake gudu.

Sukan kafa hujja da cewa neman magani halal ne. Haka ne, ga wanda cuta ta same shi. Amma wanda ya sayi maganin tun kafin ya soma allurar, ya tsara wa kansa ranar cuta da ranar gyara, ina lalurarsa? Kiyaye rai da kiyaye zuriya suna cikin lalurori biyar da Imam Shaɗibi ya yi bayani a Muwafaƙat, ga shi an sa su a caca saboda faɗin ƙirji.

Wanda ya riga ya faɗa ciki, kada kunya ta hana shi zuwa asibiti. Ya gaya wa likita sunan abin da ya sha da tsawon lokacin, a auna jininsa. Ta yiwu likitan ya ba shi ɗaya daga cikin waɗannan, amma da awo da sa ido. 'Yan'uwanmu masu kemis kuma, muna roƙonku da Allah ku daina miƙa su ga wanda bai zo da takardar likita ba.