Wa Za Mu Kira Da Ƙarfe Biyun Dare?

Idan gobara ta tashi a unguwa, ko yaro ya san waɗanda ake kira. Amma idan ciwon ƙwaƙwalwa ya taso wa saurayi da tsakar dare, yana dukan ƙyaure yana ihu wai ana son kashe shi, babu lambar da uwarsa za ta buga wani masanin aikin ya zo. Majiya ƙarfin maƙwabta za a taso su danne shi, a ɗaure shi da igiyar guga. Gari na wayewa a zauna shawara: wajen mai ruƙiya za a kai shi, ko caji ofis, ko gidan mari? Iyakar agajin gaggawar da Nijeriya ta tanadar wa talaka ke nan, kuma abin kunya ne.

A watan Satumbar 2019 'yan sanda suka fasa wani gida a Rigasa, Kaduna, suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Aka yi ta salati, aka rufe gidaje irinsa a Katsina da Daura. To sai me? Ba a tsaya an tambayi abin da ya sa uba zai ɗauki ɗansa da ƙwaya ta birkita ya kai shi irin wannan wuri, har ya biya kuɗi ba. Ba duka ne mugaye ba. Da yawansu sun rasa inda za su dosa ne, kuma har yau ba a buɗe musu wata ƙofar ba.

Doka dai akwai ta. A Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta Turawan mulkin mallaka ta 1958. Ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya, ta tanadi asusu. Madalla. Ku shiga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da ku, ku tambayi ma'aikaciyar da ke bakin aiki ko tana da maganin da za ta ba wanda ya birkice, ko an taɓa koya mata yadda za ta lallashe shi. Kallonku kawai za ta yi.

Matsalar kuɗi ce, da inda ake zuba su. Tun 2001 aka yi alkawari a Abuja cewa kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi zai tafi ga lafiya, gwamnatin tarayya ba ta taɓa cikawa ba. Ɗan abin da ke faɗawa ɓangaren ƙwaƙwalwa kuma, mafi yawansa manyan asibitoci ke lashewa, irin na Barnawa da Kware da Maiduguri. Ba na raina aikinsu. Amma mutumin ƙauyen Zuru ko Gumel da wane kuɗin mota zai kai majinyacin da ba ya zama wuri ɗaya? Likitocin fannin ba su kai 300 ba a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, su ma kullum ficewa suke yi.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba daga waje za mu aro dabarar ba. A 1954 Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara sauke majinyata a gidajen mutanen ƙauyen Aro kusa da Abeokuta, kowa da ɗan'uwansa a tare, suna karɓar magani ba tare da an kulle su ba. Duniya ta zo ta koya, shi kuma ya kai matsayin mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Mu da muka haifi abin muka koma sarƙa.

Gwamnoninmu, kowace ƙaramar hukuma tana buƙatar ma'aikacin jinya da aka horar, da jami'in walwala, da mota mai mai a ciki, da wayar da za a ɗauka cikin dare, da magani a asibitin unguwa. Albashinsu ya fito daga kasafin jiha, ba daga wata ƙungiyar waje da za ta naɗe tabarmarta bayan shekara biyu ba. Kuɗin bai kai na gadar sama guda ba. 'Yan majalisar jiha kuma, idan kwamishinan lafiya ya zo kare kasafinsa bana, ku ce ya nuna muku layin da aka rubuta wannan kuɗi, da adadinsa, da ranar da za a sake shi.