Rumbun Krell da Karatun Sifawa

Marubuta ƙagaggun labaran kimiyya suna da wani mafarki da ba su gajiya da shi, watau wata al'umma ta wata duniyar ta shuɗe, ta bar rumbun da ya ƙunshi dukkan sani. A cikin fim ɗin Forbidden Planet na 1956, mutanen Krell sun hallaka cikin dare ɗaya, shekara 200,000 da suka wuce, suka bar irin wannan rumbu a ƙarƙashin ƙasa. Wanda ya tsince shi, Dokta Morbius, masanin harsuna ne. Ya yi shekara 20 yana fama, amma ɗan abin da ya tsakuro bai taka kara ya karya ba, domin babu wanda ya rage da zai zaunar da shi ya biya masa. Abin da ya cinye mutanen kuwa, wato muguntar da ke kwance cikin zukatansu, ba ya cikin rumbun, don su kansu ba su farga da shi ba, balle su rubuta.

Ɗalibin Hausa ba sai ya leƙa samaniya ba kafin ya gane wannan iyaka. A Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma yana Boɗinga. Su da Muhammadu Bello sun bar tarin littattafai, irin su Infaƙul Maisuri na 1812. Amma ba su taɓa ɗauka cewa takarda ta isa ba. Shehu zama ya yi yana karantarwa da baki, kuma da yake Larabci bai isa kunnen makiyayi da manomi ba, sai aka zuba saƙon cikin waƙoƙin Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u ta ƙara da tura jajis ƙauyuka, su kai wa mata karatu har gida. Ko a ƙarni na 20, lokacin da Shehu Shagari yake malamin makaranta, cikin waƙa ya zuba labarin ƙasa, ya yi Waƙar Nijeriya don yara su hardace.

Saboda haka akwai gyara a zancen masu ganin cewa da an ɗauki hoton tsofaffin rubuce-rubuce an zuba a kwamfuta, shi ke nan an ceto ilimin. Aikin yana da kyau, gara da ruwan sama ma sun isa dalili. Sai dai ajami ba shi da ƙa'ida ɗaya. Wani marubucin ba ya sa wasali, kalma guda sai ta karantu hanya biyu, kuma tsohon malamin da ya ji ta daga bakin malaminsa shi ke raba gardama. Sashen da ya sayi na'urar ɗaukar hoto, ya kamata ya ware wa ɗalibansa kuɗin mota zuwa zaurukan Boɗinga da Shagari, su gurfana da takardun a hannu tun malaman suna raye.