Sharhi: Dattijon direba da barcin da ya ƙaurace masa

Sharhinmu na yau ya yada zango a Segedin, ƙaramin gari mai dabino da gishiri a arewacin Kawar, cikin jihar Agadas. A nan ne hanyar da ta taso daga Dirku take rabuwa biyu, ɗaya ta nufi Madama da Libiya, ɗaya ta bi ta Jado.

Hausawa na cewa barci ɓarawo ne. To amma a zangon nan, idan dare ya raba, yaran mota sun yi nisa cikin barci, sai ka tarar da dattijon direba zaune a gindin mota yana hura gawayin shayi. Ka tambaye shi abin da ya hana shi barci, ya ce maka tsufa ne.

Gaskiya ne barcin wanda ya manyanta ba ya nauyi kamar na saurayi. Sai dai tsufa kaɗai ba ya hana mutum runtsawa. A dubi abin da ya faɗa wa hanyar nan. An gano zinariya a Jado a 2014, aka rufe wurin a 2017. Wata dokar da aka kafa a 2015 ta haramta jigilar baƙin haure, aka ƙwace motoci, aka ɗaure direbobi. An soke ta a watan Nuwamban 2023, amma soke doka ba ya biyan bashi. Wanda ya haura shekara 50, ga iyali, ga kuɗin mai mota, da wannan lissafin yake kwana.

Likitoci sun bayyana cewa damuwa kan bar jiki cikin shirin ko-ta-kwana, zuciya na bugawa da sauri, barci ya gagara. Ga tuƙin dare don gudun zafin rana, ga shayi da goro da ƙarfinsu kan daɗe a jini. Babban mutum na bukatar barcin awa 7 zuwa sama. Wanda ya daɗe bai samu ba, hawan jini da ciwon suga sun fi saurin kama shi. A Sahara kuwa, gyangyaɗi ɗaya ya isa a ɓata hanya da mutane cike da mota.

Baba direba, ka rage shayi bayan la'asar, ka riƙe ƙailula, ka je a auna maka jini. Masu motoci, ku haɗa shi da direba na biyu. 'Ya'ya kuma ku karɓi wani ɓangare na nauyin gida, domin mahaifinku ya samu ya yi barci. Allah ya kai matafiya gida lafiya.